Littafi a rufe: kundin karatuna na fiziyoloji

6 ga Janairu

Jarrabawar fiziyoloji, wato ilimin yadda sassan jiki ke aiki, tana ƙarshen Afrilu, kuma abin da za a tambaya ba kaɗan ba ne: zuciya da zagayawar jini, numfashi, ƙoda, homon (sinadaran da ke kai saƙo a cikin jiki), sai jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Na buɗe wannan kundi don in riƙa rubuta yadda karatun yake tafiya, saboda a wannan zangon na ƙudura sauya salo baki ɗaya, kuma ina so in gani da idona ko sauyin zai biya.

Salon da yawancinmu muka saba da shi sananne ne. A buɗe littafi, a karanta babi, a ja layi da alƙalami mai launi a ƙarƙashin duk abin da ya yi kama da muhimmi, idan jarrabawa ta ƙarato a sake karantawa har dare ya raba. A 2013 John Dunlosky na Jami'ar Kent State a Amurka, shi da abokan aikinsa huɗu, suka tattaro binciken da aka yi a kan dabarun karatu guda 10, suka auna kowacce. Jan layi da maimaita karatu, waɗanda ɗalibai suka fi dogara da su, suna cikin na ƙasa. Biyu kacal suka sami babban matsayi: mutum ya riƙa jarraba kansa, da kuma rarraba bita a kan kwanaki maimakon cusa ta a zama ɗaya. Wannan ya tsaya mini a rai, don na san 'yan ajinmu da ke kwana a kan littafi, sakamako ya fito bai kai wahalar da suka sha ba. Suna da ƙwaƙwalwa, suna da naci, amma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu yadda ake karatun kansa.

Daga yau ba zan ƙirga awoyin da na zauna ba, ko shafukan da na wuce. Ma'aunina ɗaya ne: abin da zan iya fitarwa daga kaina, littafi a rufe, bayan kwanaki sun shige.

10 ga Janairu

Na fara da babin zuciya. Na karanta shi a natse, komai ya shiga sumul, har na ji kamar zan iya koyar da shi. Sai na rufe littafin, na jawo farar takarda, na ce bari in zana zuciya in bi jini daga shigarsa har fitarsa. Ɗakuna huɗu sun fito ba gardama, biyu sama biyu ƙasa. Kibiyoyin farko ma sun tafi daidai: jinin da ya gama zaga jiki ya shigo ɗakin sama na dama, ya sauka na ƙasa, a tura shi huhu. A nan biro ya tsaya cak. Bawul mai leɓe uku, a dama yake ko a hagu? Jijiyar da ke kai jini huhu, tunda daga zuciya take fita, jinin cikinta cike yake da oksijin ko kuwa? Ɗazu-ɗazu idona ya bi ta kan amsoshin nan duka, kaina yana ta amsa musu da na'am.

Na daure ban buɗe ba sai da na rubuta iya abin da zan iya, har da zato. Sannan na buɗe na gyara da jan biro. Mai leɓe uku a dama yake, mai leɓe biyu a hagu. Jijiyar huhu kuwa jinin da oksijin ɗinsa ya ragu take ɗauka, sai ya je huhu ya ɗebo iska ya dawo ta hagu. Takardar ta yi jawur, amma kowane jan rubutu yana nuna mini daidai wurin da zan zuba ƙarfina.

Gane abu yana gabanka daban, tuno shi ba ya nan daban. Maimaita karatu na farkon yake ƙarfafawa, jarrabawa kuma na biyun take nema. Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun nuna haka a 2006. Sun ba ɗalibai gajeren rubutu. A wani zaman ɗalibai suka karanta suka sake karantawa, a wani kuma suka karanta, aka karɓe takardar, aka ce su rubuta duk abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti 5, maimaitawa ce a gaba, kashi 81 cikin ɗari, tunowa 75. Bayan mako guda reshe ya juye da mujiya: tunowa kashi 56, maimaitawa 42. Ko amsa ba a nuna musu ba bayan sun rubuta. Ashe yunƙurin jawo abu daga ka shi kansa yana kafa shi, don haka zanen da na yi yau karatu ne cikakke.

17 ga Janairu

Na koma kan zanen zuciya ba tare da na leƙa littafi ba tun ranar. Wuraren da na gyara da jan biro su suka fara zuwa. Waɗanda ban sha wahalarsu ba, kamar hanyar da saƙon lantarki yake bi a cikin zuciya kafin ta buga, sun dushe.

An daɗe da auna mantuwa. Hermann Ebbinghaus, Bajamushe, ya wallafa nasa sakamakon a 1885, kuma shi ne mai binciken, shi ne wanda ake bincika. Yakan haddace jerin gaɓoɓin sauti marasa ma'ana, ya bar su, ya dawo ya ga yawan aikin da haddar farko ta rage masa wajen sake haddacewa. Bayan awa ɗaya ragin ya sauka zuwa kashi 44, bayan kwana ɗaya kimanin 34, bayan wata ɗaya 21. Da gudu zubewar take farawa, sannan ta lafa. A 2015 wasu masu bincike biyu a Amsterdam ta ƙasar Holan suka maimaita aikin, suka sami kusan abin da ya samu. Darasi mai ma'ana ba ya zuba da saurin sautin banza, amma shi ma kwanakin farko ne suka fi cinsa.

Tambayar da ta dame ni ita ce yaushe zan dawo wa babi. Nicholas Cepeda da abokansa sun gwada mutum sama da 1,300 a 2008, suka gano cewa tazarar da ta fi dacewa ta danganta da nisan ranar da ake buƙatar ilimin. Idan mako ya rage, kwana ɗaya ko biyu ya isa. Idan shekara ce, sai a bar makonni a tsakani. Sun kuma ga cewa tazara ta ɗan zarce ya fi ta gaza sauƙin lahani. Kamar shafa fenti ne, sai na farko ya sha iska kafin a ɗora na biyu, in ba haka ba duk ya cakuɗe ya zama shafi ɗaya.

Na tsara jadawali. Kowane sabon babi zan dawo masa washegari, sai bayan 'yan kwanaki, sai bayan mako, daga nan tazarar ta riƙa faɗaɗa har Afrilu. Dawowar kuma da farar takarda ce, littafi sai a ƙarshe.

22 ga Janairu

Na shigo da katuna, tambaya a gaba amsa a baya. Tsohon tsarin na Sebastian Leitner ne, ɗan jaridar Jamus, tun 1972: katin da aka amsa daidai ya matsa akwati na gaba inda ba a yawan duba shi, wanda aka kasa ya koma akwatin farko. Manhajar Anki, wadda ta fito a 2006, wannan aikin take yi da kanta, bisa lissafin da Piotr Woźniak na ƙasar Foland ya tsara a 1987. Na sa ta a waya don adadi da sunaye. Zane da bayanin yadda abu ke gudana na bar wa takarda, don hannu yana tona asirin abin da kai bai riƙe ba.

1 ga Fabrairu

Ƙoda. Babi ne mai cike da ƙananan abubuwa, kuma a nan na fahimci cewa rubuta kati shi ma sana'a ce. Katin da ya ce "bayyana aikin nefron", wato ƙaramar matatar da ke cikin ƙoda tare da bututunta, ba ya amsuwa. Mutum zai faɗi rabi, ya juya, ya ga sauran, ya ce ai na sani, ya wuce. Na farfasa irinsu. Kimanin nefron nawa ne a ƙoda ɗaya? Miliyan ɗaya. Lita nawa ƙodoji ke tacewa a rana? Kimanin 180. A wane sashe ake mayar da mafi yawan sodiyam da ruwa? A bututun farko da ke bin matata. Kowane kati tambaya ɗaya, amsa ɗaya, ta yadda ba inda zan ɓuya. Kuma sai na furta amsar da baki kafin in juya, don amsar da aka bari a zuci saurin yafe wa kanta take yi.

Akwai wani abu da na kusa yi, wato cire kati da zarar na amsa shi daidai, don tarin ya ragu. Wani gwaji na Karpicke da Roediger a 2008 ya hana ni. Sun koya wa ɗaliban Amurka kalmomin Suwahili 40 da ma'anoninsu. Waɗanda aka ci gaba da tambayarsu kalmomin ko bayan sun amsa daidai, sun tuna kusan kashi 80 bayan mako guda. Waɗanda aka daina tambayarsu kalma da zarar sun ci ta sau ɗaya, kimanin kashi ɗaya bisa uku suka riƙe, har da waɗanda suka ci gaba da karanta kalmomin. Saboda haka kati ba ya fita daga hannuna don ya zo daidai yau. Sai ya zo daidai a ranaku mabambanta.

Duk da haka ina tsoron katunan. Suna da daɗin yi, lambobi suna raguwa, mutum yana jin ya yi aiki. Amma ana iya sanin 180 da miliyan ɗaya ba a san ƙoda ba.

9 ga Fabrairu

Tsoron nan ya tabbata yau, kuma na ji daɗin yadda ya tabbata. Na zaunar da ƙanwata, wadda ke sakandare, na ce ta saurara in bayyana mata aikin ƙoda, duk inda ba ta gane ba ta tsayar da ni. Ban yi nisa ba ta ɗaga hannu.

"Yaya, tsaya. Kin ce tana tace lita 180 a rana, fitsari kuma lita ɗaya da rabi. To ina sauran?"

"Tana mayar da shi cikin jini."

"To me ya kai ta fitar da shi tun farko? Ba wahalar banza ba ce?"

Na yi shiru. Duk katunana ba wanda ya taɓa tambayata haka. Muka buɗe littafi tare, muka bi a hankali har amsar ta fito. Jiki ba zai iya sanin kowace irin guba ko dattin da zai shigo masa ba, balle ya yi wa kowanne ƙofar fita. Abin da ya sani shi ne abin da yake buƙata: ruwa, sukari, gishiri da sauransu. Sai ƙoda ta zubo duk wani ƙaramin abu da ke cikin ruwan jini, ta tsince nata ta mayar, saura ya wuce. Ruwan jini kimanin lita 3 ne, ke nan ana tace shi wajen sau 60 a rana, shi ya sa gyara ba ya jinkiri idan gishiri ko ruwa ya yi yawa. Da wannan ya zauna, sai rabin babin ya daina zama hadda. Na gane dalilin da sukari ke fitowa a fitsarin mai ciwon sukari: abin da aka zubo ya fi ƙarfin masu tsincewa.

Masana suna da labarin wannan ruɗin. Leonid Rozenblit da Frank Keil na Jami'ar Yale sun tambayi mutane a 2002 yadda suka fahimci aikin abubuwan yau da kullum, irin su zif ɗin riga. Mutane suka ba kansu maki mai tsoka. Da aka ce su bayyana mataki-mataki, sai suka dawo suka rage makin da kansu. Wanda ya fi kusa da ni shi ne aikin Michelene Chi na 1994, don a kan zagayawar jini aka yi shi. 'Yan makaranta da aka sa su bayyana wa kansu kowace jimla bayan sun karanta ta, sun fi waɗanda suka karanta rubutun sau biyu fahimta, musamman a tambayoyin da amsarsu ba ta fito ƙarara a rubutun ba.

Yanzu duk adadin da na haddace sai na bi shi da "me ya sa". Me ya sa bangon ɗakin ƙasa na hagu ya ninka na dama kauri kusan sau uku? Don shi jiki duka yake tura wa jini da ƙarfin da ya kai 120 a ma'aunin hawan jini, na dama kuwa huhu ne kawai a gabansa, kimanin 25 ya ishe shi.

15 ga Fabrairu

Waya. Tunda katunan suna cikinta, sai ta sami hujjar zama kusa da ni, kuma saƙo ɗaya ya isa ya watsa zaren tunani. Abin da hankali ke iya riƙewa a lokaci guda kaɗan ne, Nelson Cowan ya ƙiyasta shi a kimanin abu huɗu, kuma bin hanyar homon ɗaya kaɗai yana cinye su duka. Na raba aikin: katuna da safe, daga nan waya ta tafi wani ɗaki.

Na gwada tsarin Francesco Cirillo, Ba'italiyen da ya fito da karatun minti 25 da hutun minti 5 a ƙarshen shekarun 1980. Yana taimaka mini in fara a ranar da jiki ya yi nauyi. Amma idan ina tsakiyar warware abu ba na tashi don ƙararrawa ta kaɗa.

24 ga Fabrairu

Makon nan na daidaiton asid a jini ne, kuma shi ya fi kowane ba ni aiki. Ma'aunin pH na jini, wanda ke sauka idan asid ya yi yawa ya hau idan ya yi kaɗan, yana tsakanin 7.35 da 7.45. Huhu yana riƙe shi ta hanyar fitar da kabon dayoksaid, iskar da ke ƙara asid, ƙoda kuma ta hanyar baikabonet, sinadarin da ke kashe kaifin asid. Matsala huɗu ce: asid ya yi yawa ko ya yi kaɗan, laifin kuma na numfashi ne ko na sauran jiki. Littafin ya jera tambayoyin kowane iri a wuri ɗaya. Ina yin na farko da na biyu sai sauran su zama kwafi, don kan shafin ya riga ya faɗa mini amsa.

Na rubuta kowace tambaya a 'yar takarda, na zuba su a ambulan, na girgiza. Na jawo ta farko: mutum ya kwana biyu yana amai. Ta biyu: tsoro ya kama wata tana numfashi sama-sama da sauri. Ta uku: yaro mai gudawa. Ta huɗu: mai ciwon sukari yana jan numfashi mai zurfi. Nan take saurina ya karye. Amai asid ɗin ciki yake zubarwa, don haka pH ya hau. Gudawa baikabonet take kwashewa, pH ya sauka. Mai saurin numfashi tana fitar da kabon dayoksaid fiye da kima, nata ya hau. Mai ciwon sukarin ne ya fi tsayar da ni, don shi ma numfashinsa ya ƙaru, amma a wurinsa numfashin gyara ne, huhu ke ƙoƙarin rage asid ɗin da jiki ya tara. Da ba su zo kusa da juna ba, ba zan taɓa tsayawa in bambance su ba.

Doug Rohrer da Kelli Taylor sun gwada irin wannan a 2007 da lissafin girman wasu siffofi huɗu. Waɗanda suka yi atisaye iri-iri a jere sun ci kashi 89 lokacin atisayen, masu gauraye 60. Bayan mako guda, masu gauraye suka ci 63, masu jere 20. Robert Bjork na Jami'ar Kalifoniya a Los Anjeles ya daɗe yana cewa akwai wahalhalun da ake so a karatu, waɗanda ke rage gudu yau su ƙara riƙo gobe.

Sai dai ba kowace wahala ce ake so ba, kuma wannan na gani da kaina. Ranar da aka fara koya mana babin, da na gauraya tambayoyi da ruɗewa kawai zan yi. Sai da na bi misalan da aka riga aka warware, layi-layi, na ga yadda ake duba pH tukuna, sannan kabon dayoksaid, sannan baikabonet. Gauraye na wanda ya riga ya san kowane iri ne, yana neman ya iya rarrabe su.

3 ga Maris

Makon nan zuciyata ta yi nauyi. Wata ƙawata da ke bin tsohon salo ta ce mini ta gama littafin sau biyu, hankalinta kwance. Ni kuwa kullum ina fuskantar abin da ban sani ba, don tsarin nawa gaba ɗaya farautar giɓi ne. Mai maimaita karatu yana tashi da jin ya iya. Mai jarraba kansa yana tashi da jerin abin da ya kasa. Wannan nauyin gaskiya ne, kuma ina ganin shi ya sa mutane da yawa suke barin hanyar ko sun ji labarinta.

Abin da ya ƙarfafa ni shi ne gwajin Nate Kornell da Bjork na 2008, inda aka koya wa mutane gane salon masu zane 12. An fi gane waɗanda aka nuna zanensu a gauraye, amma da aka tambayi mahalarta, mafi yawansu suka ce jere ya kai gauraye ko ya fi shi, alhali sun riga sun yi jarrabawar. Jin sauƙi mugun mashaidi ne. Ban yi wa ƙawata gardama ba. Na roƙe ta mu riƙa haɗuwa muna yi wa juna tambayoyi, ta yarda.

Ta kuma ce ita mai koyo da ido ce, bayani da baki ba ya shigar ta. Harold Pashler da abokansa sun binciki wannan magana a 2008, ba su sami hujjar cewa daidaita koyarwa da salon da mutum ya fi so yana ƙara fahimta ba. A ganina darasi ne ke zaɓar hanyarsa. Zuciya sai an zana ta, sautin bugunta kuma sai an saurara.

11 ga Maris

Na daina karatun tsakar dare. Tun 1924 John Jenkins da Karl Dallenbach suka gwada ɗalibai biyu a Jami'ar Cornell, suka ga abin da aka haddace aka kwanta a kansa ya fi wanda aka yini da shi a farke zama. Daga baya an gani a ƙwaƙwalwar ɓeraye cewa ƙwayoyin da suka yi aiki lokacin koyon hanya suna sake kunnuwa tare a cikin barci. Yanzu abu mafi wuya na ranar shi nake yi wa farar takarda kafin in kwanta, da safe in sake gwada shi kafin in taɓa komai. Hanyar renin da aldosteron, sinadaran da ke daidaita gishiri da hawan jini, wadda ta ƙi zama tun watan jiya, ta haka ta zauna.

20 ga Maris

Na yi gwajin jarrabawa cikakke da tsofaffin tambayoyi, da agogo, ba littafi ba waya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zuciya da ƙoda, waɗanda suka fi daɗewa a jadawali kuma na fi mantawa da su in sake tunowa, su suka fi kyau. Homon, wanda na gama kwanan nan kuma nake jin yana sabo a kaina, shi ya fi rauni. Da jin zuciya na bi, da akasin haka zan yi hasashe.

Kafin in duba amsa, na sa alama a gefen kowace tambaya: na tabbata, ina zato, ko ban sani ba. Sannan na rarraba kurakuran. Wasu abin ban taɓa saninsa ba, maganinsu littafi. Wasu na sani ya ɓace, maganinsu kati da tazara. Wasu kuma na cakuɗa abu biyu masu kama, maganinsu ambulan. Kowane iri da nasa aikin, kuma sake karanta babi duka ba ya maganin ko ɗaya yadda ya kamata.

Waɗanda na sa wa "na tabbata" suka fito kuskure su ne masu tsada. Na rubuta da ƙarfin gwiwa cewa a fituwitari, ƙaramin ƙullin da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, ake ƙera homon ADH, mai sa ƙoda ta riƙe ruwa. A haifotalamas, wani sashe na ƙwaƙwalwa, ake ƙera shi, bayan fituwitari ajiye shi yake yi ya sake shi. Brady Butterfield da Janet Metcalfe sun gano a 2001 cewa kuskuren da mutum ya yi da yaƙini ya fi saurin gyaruwa idan aka nuna masa daidai, don mamakin yana kama hankali. Duk da haka na yi masa kati, saboda tsohon kuskure yana iya dawowa idan aka bar shi.

29 ga Maris

Wani ɗan ajinmu ya turo bidiyon koyon karatu da gudu, wai shafi a 'yan daƙiƙoƙi. Keith Rayner, wanda ya shafe shekaru yana nazarin motsin ido, shi da abokansa sun duba wannan da'awa a rahoton da ya fito a 2016. Mai karatu ƙwararre yana cin kalma 200 zuwa 400 a minti, kuma idan aka ninka gudun fahimta ce ke biya. Komawar da ido ke yi baya, wadda masu koyar da gudun suke hanawa, tana cikin abin da ke gyara fahimta.

Saurin da na samu ta wata ƙofa ya shigo. Karatun farko na kowane babi ya fi ɗaukar lokaci yanzu, don ina tsayawa in rufe in faɗa, in tambayi dalili. Amma bitar zuciya, wadda a da sai in ba ta yini guda ana gab da jarrabawa, yau kafin ƙanwata ta gama aikin gidanta na zana ta, na bi jinin, na bi saƙon lantarki, jan biro bai taɓa takardar ba sai a wuri ɗaya. Sabon babi ma ya fi saurin shiga idan na baya suna tsaye. Da na zo kan yadda jijiyoyi ke sarrafa bugun zuciya da hawan jini, rabin bayanin ya tarar da mazauninsa a shirye.

Saura babin jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, kuma lokacinsa gajere ne, don haka tazararsa za ta matse: washegari, bayan kwana biyu, sai mako. Homon zai shiga ambulan tare da ƙoda, tunda a ADH da aldosteron suke cakuɗe mini. Ƙawata za ta zo ranar Asabar da tambayoyin numfashi, ni kuma zan shirya mata na asid. Gwaji na biyu a tsakiyar Afrilu, da takardun da ban taɓa gani ba.